Moton Ilu da sadakar gidan mai ɗori

Tun da muka dawo daga Katsina ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo moto, wato babur, gyara garejina, kafin ya faɗi abin da ke damun motonsa sai ya ce, "Wai Sani, da gaske ne can sai an yi sadaka kafin a hau moto?" Na ba da labarin nan a tsaye, na ba da shi a tsugune hannuna cikin baƙin mai, kowa kuma ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani ya zo yana gaya mini, ni da aka yi abin a gabana, wai rago aka sa muka yanka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya daga farko, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Ilu ce, ɗan kawuna Nomau, wato taubashina. Shekara da shekaru Ilu yana cin abinci da sa guda da amalanke, yana kai kayan mutane kasuwannin Birnin Lalle da Korahane. Sai 'yan kabu-kabu suka yi yawa, mai buhu ɗaya ko biyu ya daina jiran sa ya yi ta jan ƙafa yini guda. Ilu ya matsa wa Kawu har ya yarda, aka sayar da san da amalanken gaba ɗaya don a sayi moto. Bayan wannan ba shi da komai, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Ya kuma cika Dakoro da cewa ya iya tuƙi. Ni dai sau biyu na taɓa ganinsa a kan moto, duka na aro, duka kuma a rairayin bayan gari inda ba abin da za ka buge sai tumfafiya.

Ana gobe za mu tashi Kawu ya kira ni zaurensa.

"Sani, kai ka san ƙarhe," in ji shi. "Ka bi shi. Kada a ba da kuɗɗi sai an hau an gani. In ka ce a saya, a saya."

Na ce to. Game da mahayin ban ce komai ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Da sassafe muka shiga motar Maradi. Kujerar mutum uku aka zuba mu biyar, ni a gefen taga, wata tsohuwa mai kwandon cuku a tsakaninmu da Ilu. Kafin mu bar gari kowa a motar ya san abin da zai kai mu Najeriya, ya san launin moton da ba a saya ba tukuna. Tsohuwar har ta kama Ilu da alkawarin shi zai riƙa kai ta kasuwa. Daf da Kornaka motar ta fara tari ta tsaya. Na juya fuska, don ni tafiya na fito ba aiki ba. Sai Ilu ya ɗaga murya ya ce, "Ai ga makanike nan cikinmu!" Haka na sauka da farar rigata na kwanta ƙarƙashin motar mutane. Ladan da na samu shi ne cuku guda daga tsohuwar, shi ma Ilu ya cinye rabi.

A Maradi muka canza kuɗi. Abin da Ilu ya fito da shi daga gida cikin aljihu ɗaya, da aka mai da shi naira ya zama dami. Ya shiga bayan wani shago ya naɗe shi a ƙugu da rawani, ya saki riga a kai, ya fito yana tafiya kamar mai ciki wata bakwai. Na ce masa Allah ya sauke lafiya. Bai yi dariya ba.

Daga nan sai Ɗan Issa, sai iyaka. Ni takarduna lafiya lau. Katin Ilu kuwa matarsa ta taɓa wanke shi cikin wando, hoton ya koɗe, ba abin da ya rage sai kunnuwa biyu da hula. Ma'aikacin da ya karɓa ya dubi katin, ya dubi Ilu, ya kira abokin aikinsa su duba tare. Suka sa shi ya cire hula, ya mayar, ya juya gefe. A ƙarshe ɗayan ya ce kunnuwan dai nasa ne, mu wuce, amma ya sake kati in ya koma. Daga Jibiya zuwa Katsina ban ƙirga wuraren da aka tsai da mu ba. Duk inda aka tsaya Ilu sai ya dafe ciki da hannu biyu, abin da ko makaho zai gane akwai wani abu a wurin.

Mun sauka wurin Malam Ada, mutumin garinmu da ya daɗe a Katsina yana sayar da dabino da cuku a bakin kasuwa. Ya ba mu zaurensa da tabarmi biyu. Bakinsa ya riga ya juya, ba ya cewa moto sai mashin, ba ya cewa kabu-kabu sai acaɓa. Da safe ya kai mu teburin mai shayi. Mu a gida shayi ɗan kofi ne mai ɗaci, ana dafa shi a kan gawayi ana hira har zagaye uku. Can kuwa kofi ne babba cike da madara, mai shayin yana ɗaga hannu sama yana zubo shi daga nesa, ka shanye ka tashi wani ya zauna. Burodinsu ma laushi gare shi da zaƙi, ka matse shi a hannu ya koma loma ɗaya. Ilu ya ce wannan ai abincin marasa lafiya ne, ya kuma ci guda biyu.

Layin masu sayar da moto dogo ne. Shago huɗu muka shiga, magana ɗaya muka ji: sabon mashin ba a hawansa. Za a tayar maka da shi a nan inda yake, ka saurara, in ka biya ka hau abinka. Na ce mu a Dakoro ko jaki za ka saya sai ka hau ka zagaya kasuwa. Wani ya ce to in koma in sayi jaki. Malam Ada ne ya ce akwai mutum ɗaya da ke bari a hau, wani Alhaji Lawal a ƙarshen layi, amma yana da sharaɗi. Bai faɗi sharaɗin ba, ya ce mu je mu ji da kunnenmu.

Alhaji Lawal gajere ne, mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya bar ni na duba moton da Ilu ya nuna yadda nake so. Na duba sarƙa, na duba waya, na tayar na kasa kunne. Ban sami abin cewa ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai, don na saba samu. Sai na ce saura hawa.

"Ana hawa," in ji Alhaji. "Amma wanda zai hau sai ya yi sadaka tukuna. Ba kuɗi za ku ba ni ba, ba ni da akwati. Dafaffen abinci za ku saya, kula guda. Akwai gidan mai ɗori a bayan ganuwa, inda ake kwantar da waɗanda suka karye. Mai sayen mashin shi zai tuƙa ya kai, ya raba da hannunsa, ya dawo. Hawan gwajin ke nan."

Na ce, "Alhaji, mu inda munka hito sadaka ba a yi ma mutum dole da ita. Kuma ba a yin ta ana kallo."

"Ban ce dole ku hau ba."

"To ni za ni hau. Ni ne makanike."

"Kai za ka riƙa hawansa in an kai gida?"

Na ce a'a. Ya nuna Ilu da haɓa ya ce to shi zai hau.

Ni mutum ne mai zargi, sana'ar ce ta koya mini. Akwai wata mai abinci daidai ƙofar shagon, nan take na yanke cewa ƙanwarsa ce ko matarsa, dabarar sayar da shinkafa ce kawai aka lulluɓe da sunan Allah. Na ɗauki kular da suka ara mana na wuce ta, na yi tafiya mai nisa cikin rana har na sami wata mai shinkafa da wake a wani lungu. Da na dawo ina zufa Alhaji bai ko tambayi inda na saya ba. Daga baya Malam Ada ya gaya mini matar bakin shagon ba ta haɗa komai da shi ba, kuma abincinta ya fi wanda na sayo.

Aka fito da moton bakin titi. Abu na farko da Ilu ya yi shi ne ya tsuguna ya fara sace iskar taya. Mutanen shago suka yo kansa da ihu. Shi kuwa bai ga laifinsa ba, don haka kowa ke yi a wurinmu: taya mai tauri nutsewa take a rairayi, sai an rage mata iska take tafiya. Gaskiya ni ma hannuna ya yi ƙaiƙayin yin haka. Aka sake bugawa, aka yi mana dariya, muka haɗiye.

Wanda ke raka masu gwaji wani dattijo ne, Malam Isiya, mai ɗingishi da ƙafar hagu. Ya hau baya ya rungume kula. Na ga ya kamata in faɗa masa gaskiya, na matsa na ce, "Baba, ka riƙe da kyau, mutumin ga bai saba da gari ba."

Ya daki ƙafar tasa ya ce, "Ni na riga na biya nawa tun tuni. Mu je."

Na tari keke mai ƙafa uku na bi su a baya, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Tuƙin rairayi dokarsa biyu ce: ka saki ƙafafu ƙasa suna lilo don tare faɗuwa, kuma in ka ji moto na rawa kada ka rage wuta, ƙarawa za ka yi, in ba haka ba ka nutse. Da wannan ilimin Ilu ya shiga titin Katsina. Ƙafafu a baje, gwiwar hannu a sama. Da farko hanya ta miƙe, abin ya tafi. Da muka iso shataletale motoci suka taso ta ko'ina, moton ya ɗan yi rawa, Ilu ya yi abin da ya sani, ya murɗa wuta. Ina jin Malam Isiya yana "Birki! Birki!" Suka wuce ta gaban wata mota da tazarar da ba ta kai taƙi ba, direban ya leƙo ya yi wa Ilu zagin da ya haɗa da kakanninsa. Gaba kaɗan ana gini, an juye yashi a gefen titi. Ilu ya hango shi ya nufe shi kai tsaye, ya cusa tayar gaba a ciki, moton ya tsaya cak. A duk garin nan abin da ya gane ke nan.

Ba wanda ya ji ciwo. Kula ma ba ta buɗe ba. Malam Isiya ya sauka ya karkaɗe riga, ya gyara madubin da ya juya, ya ce wa Ilu, "Hau. Giya ɗaya za ka sa, kada ka ƙara. Ƙafa a kan mataki. Abinci na hucewa." Haka muka ƙarasa, masu tafiya a ƙasa suna wuce mu.

Gidan mai ɗorin gida ne na ƙasa mai faɗin tsakar gida, an yi rumfa doguwa a gefe guda. A ƙarƙashinta maza ne kwance a jere bisa tabarmi, wani ƙafa, wani hannu, wani duka biyu, an ɗaure da sanduna da tsumma. Wurin na warin man shanu da magani. Malam Isiya ya san kowa da sunansa, yana tafe yana gaya mana: wannan tirela ce, wannan rami ne, wannan shi da ɗan'uwansa ɗan acaɓa suka haɗu. Banda wani tsoho da ya faɗo daga bishiya, duk moto ne. Mai ɗorin ya fito muka gaisa, ya koma kan aikinsa, ga alama ya saba ganin baƙi da kula.

Ilu ya tsuguna ya fara zubawa a kwanoninsu. Dole ka matsa kusa, don ba mai iya tasowa. Dole kuma ka gaisa, don ba a miƙa wa mutum abinci baki rufe. Yana cewa "Sannu, Allah shi ƙara sauƙi," suna amsawa, wasu suna tambayar wane irin mashin zai saya, har da masu ba shi shawara. Da ya kai na kusa da ƙarshe, wani mai kamar shekarunsa da aka ɗaure wa cinya, mutumin ya ɗago ya dube shi.

"Kai mutumin ina ne?"

"Dakoro."

"Na ji bakin. Ni na wajen Bader Goula ne."

Ba zan faɗi sunansa ba, don ya roƙe mu. Gida sun san yana Najeriya yana neman kuɗi, ba su san wata uku ke nan bai taka ƙasa ba. Ya tambayi ruwan bana, ya tambayi hatsi, ya tambayi wani mahauci da duk muka sani. Sannan ya ce wa Ilu, "Mi ka saida?"

"Sa da amalanke."

"Ni raƙumi," in ji shi. Ya ja kwanonsa ya fara ci. Bai yi wa'azi ba, bai ce kada a saya ba. Da za mu tashi dai ya ce in mun ga wani nasu kada mu ce mun gan shi.

A dawowa ma Ilu ne ya tuƙa. Ya sa ƙafa inda aka ce, ya bi gefen titi, ya tsaya a duk inda Malam Isiya ya taɓa masa kafaɗa. Da muka iso shago rigarsa ta jiƙe sharkaf. Alhaji ya dube ni ya ce yaya mashin. Na ce ba shi da aibi. Ya dubi Malam Isiya.

"Ya ji tsoro, Alhaji."

"To madalla," in ji Alhaji.

Na tambaye shi ko wannan sharaɗin ba ya korar masa ciniki. Ya ce yana kora. Wasu daga jin sharaɗin suke wucewa shagon gaba, wasu sukan dawo daga gidan ɗori su ajiye makulli su ce sun fasa. Ya ce da yawa daga masu kwanciya a rumfar nan a layin nan suka sayi mashin, wasu a hannunsa, shi ya sa ya ga ya kamata mai saye ya san hanyar gidan. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya juya wurin wani mai tambayar taya.

Muka koma gefe ni da Ilu. Maganar tana hannuna, in na ce a'a ba za a saya ba. Na dube shi na ce ƙaƙa ya gani. Ya ce, "Sani, in na koma hannu banza, mi za ni ci da su? San ya riga ya tahi." Gaskiya ya faɗa. Dillalin da ya saye shi kudu yake lodi, wataƙila ma ya riga mu tsallaka iyaka. Na yi tunanin abin da aka aiko ni dubawa, ƙarfe ne, ƙarfe kuwa lafiyarsa lau. Na ce a saya. Ilu ya shiga ciki ya kwance rawanin ƙugunsa ya biya. Ya ƙara da hular kwano, abin da a garinmu ba mai sawa sai ma'aikatan gwamnati.

Komowa ba ta da labari. Aka ɗaure moton bisa mota, muka yi takardun duwan, wato kwastan, a iyaka, muka kwana Maradi, washegari bayan azahar muka shigo Dakoro. Daga tasha ni na tuƙo shi zuwa ƙofar gidan Kawu, Ilu a baya, na ce wa mutane sabon inji ne sai hannun makanike. Unguwa ta taru. Mata na guɗa daga cikin gida, maza na shafa tanki suna sa albarka, ana ta yi wa Ilu barka.

Kawu Nomau ya fito da sandarsa. Ya zagaya moton sau ɗaya bai taɓa ba.

"An hau?"

Na ce an hau, Kawu.

"Ƙaƙa ka gani?"

"Moto ba shi da aibi."

Ya gyaɗa kai. Daidai nan aka kira la'asar. Ya tattara babbar rigarsa ya ce, "To Ilu, kai ni masallaci mu gani."

Masallacin ba nisa, ana hango shi daga ƙofar gida, hanyar kuma rairayi ce zalla, irin wadda Ilu ya sani. Mutane suka buɗa hanya suna murmushi. Na miƙa wa Ilu makulli ya karɓa. Ya dubi moton, ya dubi ƙafafun mahaifinsa, sirara, na mutum mai shekara saba'in da wani abu. Ya daɗe a tsaye har guɗar cikin gida ta yanke. Sannan ya maido mini da makullin a gaban kowa.

"Sani, kai shi. Ni ban iya ba tukuna."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake na san za a yi daga baya. Kawu bai dubi ɗansa ba, ni ya duba. Na sha kunya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar nan ba, don shi Ilu ya faɗi abin da ni aka aika in faɗa.

"Bari," in ji Kawu. "Na tahi da ƙahwata."

Ya dogara sandarsa ya kama hanya. Ilu ya bi bayansa, ni kuma na tura moton cikin zaure na bi su.